Gidan da yaro ya tashi ne ke jawo ciwon baifola, ko gado ne?

'Yar Sakkwato ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga likitoci ce da ma'aikatan jinya, musamman na ɓangaren ƙwaƙwalwa.

Da zarar likita ya ce matashi na da ciwon baifola, irin wanda zai yi kwanaki ba barci, surutu ba tsayawa, kashe kuɗi ba lissafi, daga baya ya faɗa damuwa har wanka ya gagare shi, tun kafin a gama maganar magani dangi sun shiga neman mai laifi. Dangin uwa su ce kishiya ce ta gallaza masa yana ƙarami. Dangin uba su ce ai can gidan su uwar ake da taɓin hankali, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wata ta ce riƙon da aka kai shi ne, wani ya ce mutuwar auren iyayen ce. Mu ma'aikatan ƙananan asibitoci ake tsarewa da tambayar.

To me bincike ya tabbatar? Nawa ne na gado, nawa ne na gidan da aka tashi? Idan kuma ciwon ya riga ya bayyana, zaman gidan yana da sauran tasiri ne, ko magani kaɗai ya rage? Ina son amsar da zan iya maimaita wa iyali ba tare da na ƙara hura wutar rigima ba.

Likitan Ƙwaƙwalwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Gado ne ke ɗauke da kaso mafi girma, wannan ba a jayayya a kansa. Binciken tagwaye yana sa rabon gado tsakanin kashi 60 zuwa 85 cikin 100. Wani babban bincike na ƙasar Suwidin da ya fito a 2009, wanda ya bi rajistar iyalai sama da miliyan 2, ya samu kashi 59. Amma a lura da abin da mutane ke tsallakewa: tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, masu ƙwayoyin gado iri ɗaya sak, idan ɗaya na da ciwon ba dole ɗayan ya samu ba. A bincike da yawa kusan rabinsu ba sa samu. Ɗan da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ciwon, haɗarinsa yana wajen kashi 5 zuwa 10 cikin 100, na sauran jama'a kuwa yana wajen 1 zuwa 2. Ke nan a cikin 'ya'ya goma na mai ciwon, tara ko fiye ba za su same shi ba. Wannan lissafin nake so ki fara gaya wa dangin da ke kawo karin maganar barewa.

Sai batun gida. A 2016 masu bincike a Jami'ar Manchesta, Palmier-Claus da abokan aikinsa, sun tattara bincike 19 suka haɗa sakamakonsu. Sun samu cewa yiwuwar a ce mai baifola ya sha wahala a yarinta ta ninka ta wanda ba shi da ciwon sau 2.63. Da suka rarraba wahalhalun, wanda ya fi kowanne ƙarfi ba duka ba ne. Cin zarafi da baki ne, wanda ya kai ninki 4: zagi kullum, gori, kyara, hantara, a riƙa nuna wa yaro cewa shi kaya ne a gidan, a kira shi da sunan da zai muzanta shi gaban sa'o'insa. Rasuwar uwa ko uba ita kaɗai ba ta nuna ƙarin haɗari mai ƙarfi ba a wannan lissafin. Ni a fahimtata, abin dubawa shi ne irin hannun da maraya ya faɗa bayan rasuwar.

Inda tasirin gida ya fi fitowa fili shi ne yadda ciwon ke tafiya. A shekarar 2016 ɗin dai Agnew-Blais da Danese a Landan suka haɗa bincike 30, suka ga cewa masu baifola da aka ci zarafinsu a yarinta ciwon ya fi saurin bayyana musu, ya fi yawan dawowa, sun fi faɗawa shaye-shaye da ciwon fargaba, kuma sun fi yunƙurin kashe kansu. Akwai nau'in da ciwon ke tashi sau 4 ko fiye a shekara, shi ma ya fi yawa a cikinsu. Bayanin da ake bayarwa shi ne, jikin yaron da ke zaune cikin tsoro kullum yana saba wa fitar da sinadarin tashin hankali mai suna kotizol ba bisa ƙa'ida ba, barcinsa ya lalace tun yana ƙarami, kuma ya girma ƙaramin ɓacin rai na iya girgiza shi. Idan dama akwai gadon a jikinsa, sai ciwon ya samu ƙofa da wuri.

Saboda haka idan iyali suka tambaye ki, amsar ita ce kishiya ko mariƙiya ba ta iya ƙirƙirar baifola a jikin yaro, amma muguwar mu'amala tana iya gaggauto shi ta kuma tsananta shi. Kuma akwai masu ciwon da yawa da suka tashi cikin gata, ba wanda ya taɓa ɗaga musu murya.

Malam Mai Nazari ya rubuta:

Likita, ranka ya daɗe, alƙaluman nan daidai ne, amma ina so a ɗan ja birki kafin Malama ta kai su gaban dangi.

Akasarin binciken nan tambayar manya aka yi game da yarintarsu, bayan ciwon ya riga ya kama su. Wanda ke cikin damuwa ya fi tuno baƙin abu fiye da farin. Akwai binciken da ya bi yara tun suna ƙanana ya kuma samu alaƙar, don haka ba ƙarya ba ce, amma girmanta na iya raguwa. Na biyu, uban da ke dukan 'ya'yansa babu dalili wata uku, wata uku kuma ya kulle kansa a ɗaki, mai yiwuwa shi ma ciwon ne da shi ba a gano ba. A nan gado da mugun zama daga mutum ɗaya suka fito, raba su sai an sha wuya. Na uku, wani lokaci abin daga yaron yake farawa: yaro mai saurin fushi, marar barci, mai ƙiriniya fiye da kima, shi ya fi shan bulala a gida da makaranta, sai daga baya a ce bulalar ce ta jawo.

Sannan ma'aunin da aka fi amfani da shi takarda ce mai tambayoyi 28 da aka tsara a Amurka, tana auna abu biyar: cin zarafi da baki, duka, lalata, rashin kulawar zuciya, da rashin kulawar jiki. Ku ɗauki kunyar ɗan fari. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, idan aka bi takardar nan ido rufe sai a rubuta ta cikin masu sakaci, alhali yaron na kwana a bayan kakarsa, goggonninsa na rububinsa, kuma ya san dalilin kawaicin uwar. Haka riƙo. Yaron da aka kai wa gwaggon da ba ta haihu ba, ta mai da shi ɗan lele, ba ɗaya yake da agolan da ke cin abinci bayan kowa ya ƙoshi, a kuma goranta masa ba. Don haka tambayar "an kai shi riƙo?" ba ta isa ba. A tambaya: wa yake gudu wurinsa idan an dake shi? Akwai babba ko ɗaya da ke tsaya masa? Binciken yara masu juriya ya daɗe yana nuna cewa samun babban mutum guda mai tsayawa yaro yana rage ɓarnar mugun gida sosai.

Wani abu daga binciken Suwidin ɗin da zai ba ku sha'awa: wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da mai ciwon, haɗarinsa ya ninka kusan sau 8. Wanda suke uwa ɗaya kawai, sau 4.5. 'Yan uba, sau 2.4. Rabon jinin waɗanda suke uwa ɗaya kawai da na 'yan uba duk ɗaya ne, amma a can 'ya'ya galibi wurin uwa suke zama bayan rabuwa, shi ya sa ake ganin zama tare na da hannu a bambancin. A gidajenmu 'yan uba tsakar gida ɗaya suke tashi, tukunya ɗaya, don haka kada a ɗauko lambar a ɗora mana kai tsaye.

Sista Mai Dare ta rubuta:

Yaya 'Yar Sakkwato, ni rabin tambayarki na biyu zan ɗauka, don shi ne wanda iyali ke da iko a kansa. Yarinta ta wuce, zaman yau ne ke yanke ko za a dawo da shi asibiti bayan wata shida.

Tun shekarun 1960 George Brown a Landan ya lura cewa marasa lafiyar ƙwaƙwalwa da suka koma gidajen da ake yawan sukarsu sun fi saurin komawa asibiti. A 1988 David Miklowitz a Amurka ya nuna haka a baifola. Abu uku ne ke yin ɓarnar. Suka: "kai dai raggo ne, ciwon ƙarya kake". Ƙiyayya a fili: "ka zubar mana da mutunci a unguwa". Na ukun shi ne wanda iyaye mata ba sa yarda laifi ne, wato tsananin kulawa: uwa ta daina zuwa ko'ina, tana leƙa shi dare da rana, ta yi kuka gabansa, ya yi dariya ta ce ciwon ya tashi, ya yi shiru ta ce ciwon ya tashi. Saurayi ɗan shekara 24 ba zai jure wannan ba, ƙarshenta ya bar gidan ya bar maganin.

Miklowitz ya tsara zaman iyali guda 21 cikin wata 9, tare da magani. A gwajin da ya fito a 2003 kan mutum 101, cikin shekara biyu ciwon ya dawo wa kashi 35 na waɗanda aka yi wa zaman iyalin, a waɗanda ba a yi wa cikakken zaman ba kuma kashi 54. Ba kowane asibiti ne zai iya zama 21 ba, amma ƙashin bayan abin ana iya yinsa a ƙaramin asibiti.

A fara da littafi ɗan 20-lif. Kowace safiya a rubuta ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa ya tashi, ya sha magani ko bai sha ba, da lamba ɗaya ta yanayinsa daga -3 (damuwa mai tsanani) zuwa +3 (zumuɗi da surutu mai tsanani). Shi zai rubuta, mutum ɗaya da shi ya zaɓa ya duba, ba duk gida ba. Barci ne babban ma'auni. Wanda ya saba awa 7 ko 8, ya koma awa 4 dare biyu ko uku a jere kuma ya tashi garau ba gajiya, a kira asibiti ranar, kada a jira ranar da aka ba shi. Rashin gajiyar ce alamar, don mai damuwa ma ba ya barci amma shi a galabaice yake wuni.

Lokacin da yake lafiya a zauna da shi a rubuta alamominsa na kansa, don kowa da nasa. Wani sabon ɗinki yake farawa da shi, wani kiran tsofaffin abokai ƙarfe biyun dare, wani rabon kuɗi, wani neman aure bagatatan, wani ya tsiri wa'azi a majalisa alhali da ba ya yi. A wannan zaman a yi yarjejeniya: idan alama biyu suka haɗu, wa zai riƙe katin banki da makullin babur, wa zai raka shi asibiti, nawa aka ware na mota da magani. Yarjejeniyar da aka yi yana cikin hayyacinsa ita ce ke aiki. Idan aka bari sai ya hau, wato ya shiga rashin barci da surutu da ɓarnar kuɗi, ƙwace ne zai gani, kuma faɗa za a yi.

Sai gyaran baki. Maimakon "kullum kai ne hana mutane barci", a ce "rediyon nan bayan sha ɗaya na hana ni barci, ina so ka kashe shi ko ka sa abin kunne". Magana ɗaya, buƙata ɗaya, a lokacin da ba kowa a wurin. Idan ya hau, ba a gardama da shi kan cewa shi ba attajiri ba ne ko ba waliyyi ba ne. A rage baƙi, a rage haske da hayaniya da daddare, mutum ɗaya ya riƙa magana da shi a hankali.

Idan ya sauka cikin damuwa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa tunanin. A kwashe fiya-fiya, shinkafar ɓera da maganin feshin gona daga gidan, magungunansa kuma a riƙa ba shi na mako guda.

Kada a sa mari, kada a ɗaure. Kowa ya ga halin da aka samu mutane sama da 300, da yawansu a ɗaure da mari, a wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da magani muddin ba a ce ya daina sha ba, ba a kuma hana shi barci ko a dake shi da sunan fitar da aljani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa na da sashen. Sa dangi cikin jinya ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: tun a 1954 likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Lambo a Aro ta Abekuta ya fara saukar da marasa lafiya a ƙauyukan kewaye tare da ɗan uwa mai jinya.

'Yar Sakkwato ta rubuta:

Allah ya saka da alheri. Saura biyu. 'Ya'yan mai ciwon fa, me za a lura da shi a jikinsu, kuma akwai rigakafi? Sannan auren zumunci, da matar da ke da ciwon ta samu ciki.

Likitan Ƙwaƙwalwa ya rubuta:

Ba allurar rigakafi, ba gwajin jini da zai nuna wane yaro ne zai samu, kuma ba a ba yaro mai lafiya magani don tsoron gaba. A Holan an bi 'ya'yan masu baifola 140 tsawon shekara 12. Kashi 13 ne suka samu wani nau'in baifola, kashi 3 kacal suka samu mai tsananin, amma kashi 54 sun taɓa samun ciwon da ya shafi yanayin zuciya, galibi damuwa. Kusan duk waɗanda suka samu baifola da damuwa suka fara. Don haka abin lura shi ne matashi tsakanin shekara 15 zuwa 25 da ya yi sati biyu ko fiye a ƙuntace, ya daina makaranta ko kasuwa, barcinsa da cinsa suka canza. Idan an kai shi asibiti, a faɗa wa likita ƙarara cewa akwai baifola a gidan. Ɓoye wannan don kunya ne ke sa a ba shi maganin damuwa shi kaɗai, ya juye ya hau. Yaro ɗan shekara 7 mai ƙiriniya kuwa kada a liƙa masa sunan, kuma kada a riƙa ce masa "halin ubanka za ka yi". Wannan ma gori ne. A tsare masa lokacin barci, a nesanta shi da wiwi da taramol da kodin, a kuma tanadi gidan da za a kai yara idan ciwon uwa ko uba ya tashi, a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: Baba ba shi da lafiya, ba laifinku ba ne, yana shan magani.

Auren zumunci: wani ƙaramin bincike a Masar a 2009 ya samu baifola mai tsanani ya fi yawa a 'ya'yan da iyayensu dangin juna ne. Bai isa a kafa doka da shi ba. Shawarata, idan ciwon ya bayyana a ɓangarorin biyu na zuri'a ɗaya, a nemi likita kafin a sa rana, kuma kada a ɓoye wa wanda zai aura.

Jego shi ne lokaci mafi haɗari a rayuwar mace mai baifola, musamman sati biyun farko. Wani nazari na 2016 ya nuna ciwon ya tashi wa kashi 66 na waɗanda ba sa kan magani lokacin ciki, da kashi 23 na waɗanda ke kai. A shirya tun cikin na wata 6 ko 7: likitan ƙwaƙwalwa da na haihuwa su san juna, a haihu a asibiti, a samu mai karɓar jariri da daddare don mai jego ta samu barcin awa 5 ko 6 a haɗe, a taƙaita 'yan barka, hidimar suna kuma wasu su ɗauke mata. Mai jegon da ta kwana biyu ba barci, tana surutai ko tana zargin za a sace mata ɗa, asibiti za a kai ta a ranar.

Mai Kemis ya rubuta:

Bari in ƙara kan magani, don a gida ake lalata shi.

Litiyam, wanda John Cade ya wallafa gwajinsa a Ostireliya a 1949, har yau yana cikin mafi inganci, kuma yana rage haɗarin kashe kai. Matsalarsa tazarar da ke tsakanin adadin da ke aiki da wanda ke cutarwa ƙarama ce. Ana so ya tsaya wajen 0.6 zuwa 0.8 a jini, daga 1.5 an shiga haɗari. Ana ɗibar jinin awa 12 bayan shan na ƙarshe, wato idan ya sha ƙarfe 9 na dare, a ɗiba 9 na safe kafin ya sha wani. Kowane mako a farko har ya daidaita, sannan duk wata 3, gwajin ƙoda da na tayiroyid, wato halittar da ke wuya mai kumbura ta zama maƙoƙo, kuma duk wata 6. Inda ba wurin gwajin, likita kan zaɓi wani maganin, kuma daidai ne.

Abin da ke tura shi sama: rashin ruwa a jiki lokacin zafin Maris zuwa Mayu, gudawa da amai, daina cin gishiri farat ɗaya, magungunan hawan jini masu sa fitsari, da na ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak da kowa ke saye ba takarda. Farasitamol ba ya wannan. Idan hannu ya kama rawa sosai, tafiya ta zama ta tangaɗi, harshe ya yi nauyi, ga amai ko gudawa, a dakatar da shi a tafi asibiti. In ba wannan ba, ba a yanke shi rana ɗaya. Likita ke rage shi a hankali cikin sati 4 zuwa wata 3, don yankewa kwatsam na tayar da ciwon.

Balfuro'et, wani maganin baifola, kada a ba mace da ke iya ɗaukar ciki sai ba makawa kuma tana tsarin iyali: kusan jariri 1 cikin 10 na zuwa da nakasa, 3 zuwa 4 cikin 10 na samun matsalar koyo. Amitiriftilin da ake ba mutane don barci, mai baifola kada ya sha shi ba da sanin likitansa ba. Olanzafin, shi ma maganin baifola ne, yana sa ƙiba da hawan suga, a auna nauyi duk wata, suga aƙalla sau ɗaya a shekara.

Azumi kuma a je wurin likita wata guda kafin Ramadan. Abu biyu ke haɗuwa, ƙishirwar rana da rugujewar barci tsakanin asham, tahajjud da sahur. Wasu za a mayar musu da maganin sau ɗaya bayan buɗa baki, su sha ruwa sosai har sahur, a gwada jini a satin farko ko na biyu. Wanda bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, ko ƙodarsa ta fara rauni, likita zai ce ya ajiye, sai a kai wa malami bayanin likitan ya faɗi hukuncin ramuwa ko ciyarwa.